Albasar Malam a Zauren 'Yan Talla

Ni na raɗa wa zauren suna, kuma ni na jefa Malam a ciki da ɗan yatsana, ba wanda ya riƙe min hannu. Na faɗi wannan tun da wuri ne saboda na san halina. In na fara ba da labari, kafin a kai ƙarshe na samo wanda zan ɗora wa laifi.

Zauren da nake nufi na waya ne, irin wanda yaran yanzu ke kira guruf. Namu na tsofaffin malaman firamare ne, maza da mata, waɗanda aka ɗauke mu aiki a farkon Jamhuriya ta Biyu aka rarraba mu ƙauyukan Boɗinga da Shagari. Daga baya rayuwa ta watsa mu. Wasu suka bar alli suka shiga kwastan ko banki, wasu suka zauna Kaduna da Abuja da Legas, wasu kuma sun riga mu gidan gaskiya. Waya ce ta sake tara mu bayan kowa ya yi furfura. Aka ba ni shugabancin zauren, ba don na fi kowa hankali ba, sai don tun muna makarantar horon malamai ni ne monita, kuma har yau da sunan ake kirana. Na yi ritaya daga ofishin ilimi, ina zaune Boɗinga, ba ni da aikin da ya wuce masallaci da gyara wa mutane kuskure. Ranar da aka ba ni shugabanci na rubuta dokoki bakwai na liƙa, ba wanda ya roƙe ni.

Malam kuwa abokina ne tun na ƙuruciya. Tare aka tura mu Kajiji, ɗaki ɗaya muka kama, tukunya ɗaya muke ci. Mutumin wani ƙauye ne gaba da Lambara, ɗan gidan malamai, mahaifinsa na da makarantar allo da fadama. Shi ya sa tun yana saurayi muke ce masa Malam, alhali dukanmu malamai ne.

A Kajiji tsuke bakin aljihu ya same mu. Albashi ya daina zuwa kan lokaci, sabulu da madara da shinkafa suka zama abin bin layi, wanda ya samo gwangwanin madara ɗaya sai ya ɓoye shi ƙarƙashin gado. A wannan lokacin ne Malam ya fara wani abu. Ranar Juma'a zai hau kekensa ya tafi gida, ya dawo da kwandon albasa daga fadamar mahaifinsa. Ranar Litinin ya ajiye kwandon a bakin ofishin hedimasta, ya rataye babbar rigarsa a ƙusa, ya ce mu duba albarkar bana, mu sa musu albarka. Daga nan ya shige aji. Mai so ya ɗiba, ya saka abin da ya ga ya dace a aljihun rigar. Malam bai taɓa tsayawa ya ga wa ya ɗiba ba, bai taɓa faɗin farashi ba. A gidansu ba a taɓa ɗora wa kowa farantin talla a kai ba, kuma a ganinsa ɗan malam da ke riƙe da alli ba ya kiran kaya da bakinsa.

Wata rana wani sabon malami da aka kawo mana ya tare shi gaban mutane ya ce, kashi nawa-nawa ne? Malam ya ɗauki kwandon gaba ɗaya ya kai wa tsohuwar da ke mana tuwo, kyauta, ya yi wata guda bai sake kawowa ba. Ni na ja sabon malamin gefe na wanke shi tas, na koya masa yadda ake yi. Ina so a riƙe wannan. Ba zan iya cewa ban sani ba.

Da waya ta tara mu, Malam ya ci gaba da abinsa, kwando kawai ya sauya. Ya yi ritaya yana hedimasta, ya koma fadamar gado. Sau biyu a shekara yake saka hoto a zaure. Na farko da bazara in an cire albasa, na biyu in damina ta yi nisa ya buɗe rudu, wato 'yar rumfar kara da ciyawa da ake jibge albasa a ciki har ta yi daraja. A ƙarƙashin hoton zai rubuta layi ɗaya, cewa ga albarkar bana, a taya su da addu'a. Za a yi ta zuba masa amin. Sannan a ɓoye mutanen Kaduna da Abuja da Legas su kira shi, a gaisa, a tambayi iyali, can ƙarshen hira a ce a saka musu buhu biyu ko uku a mota. Su aika da abin da suka san albasa na yi a can, wanda ya fi abin da dillali zai ba shi a nan nesa ba kusa ba. Da wannan yake riƙe gidansa, domin fansho dai kowa ya san yadda yake.

Sai aka shiga shekarar da man fetur ya yi tashin gwauron zabi. Tsofaffi irinmu kowa ya fara neman abin kamawa, kuma zaurenmu ya cika da kaya. Wata Hajiya da muka koyar tare a Dandin Mahe, yanzu tana Sakkwato, ta fara saka atamfa da turaren wuta. Wani tsohon ɗan kwastan yana saka filaye. Akwai kuma wani, wanda tun muna samari bakinsa ba ya hutawa, ya koma haɗa maganin gargajiya. Shi ne ya fi ƙona min rai. Basir, hawan jini, ciwon suga, sanyin ƙashi, duk kwalba ɗaya, kuma ba ya rubutu, murya yake aikowa mai tsawon huɗuba. In na buɗe waya da hantsi sai na tarar da hotuna sun cinye min data kafin in ga gaisuwar mutum ɗaya.

Na yi ta haƙuri, ko in ce na yi ta gunaguni. Abin da ya tunzura ni shi ne ranar da matar wani abokin aikinmu ta rasu a Shagari. Ya rubuta sanarwa da safe, cewa za a yi jana'iza da ƙarfe sha ɗaya. Minti kaɗan bayan haka mai magani ya sako muryoyi biyar da hoton kwalabe, Hajiya ta biyo da atamfofi, sanarwar ta nutse can sama. Ban gan ta ba sai bayan azahar. Daga Boɗinga zuwa Shagari ba wata tafiya ba ce, amma na rasa jana'izar, na je gaisuwa ina sunkuyar da kai.

Da na dawo na rubuta cewa lokaci ya yi da za a raba zaure biyu, ɗaya na zumunci, ɗaya na saye da sayarwa. Na ce kowa ya faɗi ra'ayinsa, amma gaskiya na riga na yanke hukunci tun a kan hanya. Kwana uku ana ja-in-ja. Wani da ya yi aikin banki ya goyi bayana da dogon bayani, ya ce haka ake yi a duk manyan zaurukan duniya, kasuwancin intanet sashensa daban, har da wanda ke kula da shi. Wasu suka ce a ware rana ɗaya a mako kawai, wanda yanzu na ga ya fi hankali, amma a lokacin na ce wa zai tsaya gadin kwanaki? Hajiya ce ta tsaya kai da fata. Ta aiko da murya, ba ta ɗaga harshe ba.

"Monita, kasuwad da ba kowa cikinta sai masu saidawa, wa za shi saye? Mu nan ciniki muka yi don ana gaisawa na. In ka raba mu da gaisuwa, ka raba mu da ciniki."

Na ce a raina, mai kaya dole ta kare kayanta. Malam bai saka baki ba ko sau ɗaya, ni kuma ban kira shi na ji ta bakinsa ba. Ban ma kawo shi cikin lissafin maganar ba.

Aka zo kan sunan sabon zauren. Hajiya, da ta ga an fi ƙarfinta, ta ce to a kira shi Kasuwar Zumunci. Suna ne mai kyau, da na karɓa da ban zauna rubuta wannan ba. Amma raina na ɓace, ina so su ji a jikinsu. Na buɗe sabon zaure na rubuta masa Zauren 'Yan Talla. Na saka mai magani, na saka Hajiya, na saka mai filaye da wasu mutum biyar, na sanar a babban zaure cewa daga yau duk wanda ya saka kaya a nan zan goge. Na ji daɗin kaina ƙwarai a ranar.

Ba a yi awa ɗaya ba mai magani ya sako murya a babban zaure, inda kowa zai ji.

"Shugaba, mun bi doka. To albasam Malam hwa? Ko ita addu'a ta, namu na talla? Ko don abokinka na?"

Nan na sha jinin jikina. Abin da ya kamata in yi shi ne in ce masa e, ita addu'a ce, in bar shi ya yi ta surutu. Ko in kira shi gefe kamar yadda na taɓa kiran sabon malamin nan a Kajiji. Amma ni mutum ne da bai iya jure a ce ya yi son kai. Shekara talatin da wani abu ina alfahari da cewa ko ɗan'uwana ban ɗaga wa ƙafa a ofis ba. Na tsaya da waya a hannu, na ga sunan Malam, na san sarai abin da kalmar nan za ta yi masa. Na ce ai doka doka ce, zai gane. Na danna.

Da la'asar ya rubuta a sabon zauren, layi biyu.

"Salamu alaikum. Na ga inda anka aje ni. Allah shi ba kowa kasuwa."

Ban amsa ba. Na gaya wa kaina cewa fushi ne na kwana biyu, tsofaffi muna da saurin hawa da saurin sauka. Lokacin ana gab da cire albasa. Aka cire, hoto bai zo ba. Damina ta sauka ta yi nisa, hoto bai zo ba. Bai fita daga zauren ba, ina ganin alamar yana karanta saƙonni, amma ya yi shiru. Mun haɗu sau biyu wajen ɗaurin aure, muka gaisa lafiya lau, har ya tsokane ni kan tumbina. Na riƙe wannan tsokanar a matsayin shaida cewa komai ya wuce, don haka nake so ya zama.

Shi kuwa sabon zauren, yadda Hajiya ta faɗa haka ya kasance. Ba wanda ya shiga don kansa. Masu kaya suka yi mako biyu suna nuna wa juna kaya, mai magani na yi wa mai filaye tallar maganin basir, har suka gaji. Sannu a hankali atamfa ta fara leƙowa babban zaure ranar Juma'a a bayan barka da Juma'a, kwalabe suka biyo. Na yi kunnen uwar shegu, don ni ma na ga zauren ya yi sanyi da yawa ba su. Wato duk waɗanda na yi dokar dominsu sun dawo inda suke. Mutum ɗaya ne dokar ta kama, wanda bai taɓa damun kowa ba.

Hajiya ce ta kira ni a ƙarshen damina. Ta ce ko na san albasar Malam na ruɓewa a rudu? Ta ji ne daga wata 'yar'uwarta da ke aure a ƙauyensu. Mutanen Kaduna da Abuja da ba su ga hoto ba sun ɗauka bai yi noma ba bana, kuma kunya ta hana su tambaya kada su fama masa ciwo. Shi kuma ba zai ɗaga waya ya ce yana da kaya ba. Ya yi ta jira ko wani zai kira, laimar damina na shiga albasa. Ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da na samu abin mayarwa.

Washegari na shiga mota zuwa Shagari, na hau babur zuwa ƙauyensu, hanya duk taɓo. Tun daga bakin gida wari ya tare ni. Na same shi bayan gida zaune kan buhu, ya naɗe hannun riga, yana tsince albasa ɗaya bayan ɗaya. Mai kyau dama, ruɓaɓɓiya hagu. Tsibin hagu ya kusa kamo na dama. Ya tashi da fara'a, ya sa aka kawo min tabarma da fura, muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya tambayi kowa a gidana har da jikoki. Ni ne na kasa haɗa ido da shi.

Da na ga zai kai ni azahar da gaisuwa, na ce masa gafara na zo nema. Na ce na yi wauta, zan rufe wancan zauren yau ɗin nan, ya saka hotonsa kamar yadda ya saba. Ya ɗauki wata albasa ya matsa wuyanta, ya jefa hagu.

"Monita, ba ka yi ƙarya ba. Saidawa nika yi. Kowa ya sani, ni ma na sani. Amma shekara arba'in ba wanda yah hwaɗi, sai kai."

Na ce ai suna ne kawai, ana gogewa.

"Ana goge shi ga waya. Da can in na sa hoto, wanda yak kira ni zumunci yay yi, ni ko in aika mai da albarkag gona. Yanzu ko na sa, shi ya san talla ta, ni na san talla ta. Da wane baki za ni ce a taya ni da addu'a?"

Na ce to ni zan ɗauki buhu biyu. Ya yi dariya ya ce gidana mutum nawa ne da za mu ci buhu biyu, ya sa aka cika min leda, ya hana ni taɓa aljihu.

Da a nan na tsaya, da laifina ɗaya ne. Amma ni ban iya barin abu ba gyara, ko da ni na ɓata shi. Da ya shiga alwala, na fito da waya na ɗauki hoton rudun da tsibin ruɓaɓɓiyar albasa, ban gaya masa ba. A kan hanyar komawa ina ta tsara magana a raina, har ina jin sauƙi, ina ganin na samo mafita.

Da safe na zauna na rubuta dogon saƙo a babban zaure. Na saka hotunan. Na ce ɗan'uwanmu na cikin wani hali, rabin amfanin gonarsa ya lalace, ga iyali, ga fansho ba ya isa, ga tsadar rayuwa. Na ce laifina ne, wannan kam na faɗa, amma a layi ɗaya na faɗa, sauran layukan duk kan halin da yake ciki ne. Na roƙi kowa ya taimaka ya saya, ko da ba ya bukata. Na karanta sau biyu, na ga ya yi kyau, har ƙwalla ta zo min. Na aika.

Zaure ya motsa yadda bai taɓa motsawa ba. Mai aikin banki ya ce a ba shi lambar asusun Malam. Wani daga Legas ya ce shi ba sai an aiko masa da komai ba, kuɗin mota ma ya fi albasar, zai dai aika da nasa. Mai magani ma, Allah ya gani, ya yi murya mai taɓa zuciya. Ina zaune ƙofar gida ina karantawa ina gyaɗa kai.

Bayan azahar wayata ta yi ƙara, Malam ne. Ya yi sallama, bai tambayi iyali ba. Tun da na san shi bai taɓa fara magana ba tare da tambayar iyali ba.

"Yau mutum shidda sunka kira ni. Kowa na son shi aiko da kuɗɗi, ba mai son albasa. Wancan karon ɗan talla kam maishe ni, na yi haƙuri, ɗan talla dai shina da abin saidawa. Yau bara kay yi mani, Monita, gaban matan da nik koyar tare da su."

Na fara cewa wallahi niyyata, ya katse ni. Ya ce ya san niyyata, bai taɓa shakkar niyyata ba. Muryarsa ba ta tashi ba, kuma wannan ya fi min zafi fiye da a ce ya daka min tsawa.

"Abu guda nika so. Rubuta ka ce masu albasa ta ƙare, an saye duka. Kowa shi riƙe kuɗɗinai."

Na ce Malam, ai ba ta ƙare ba, jiya na gani da idona, rabi na nan lafiya lau, kuma cikin masu kiran akwai masu so da gaske. Na ce in na rubuta haka, dillalan kasuwar Shagari ne za su kwashe ta yadda suka ga dama. Ya ce ya sani. Ya ce da dillali dai ciniki za su yi, ba wanda zai ji tausayin wani.

"Rubuta," ya ce, ya kashe waya.

Ƙarya ce zan yi wa mutum kusan sittin, kuma ƙaryar za ta rufe masa ƙofar da ta rage. Amma sau biyu ina yanke wa mutumin nan hukunci ban tambaye shi ba, wannan ne karo na farko da ya gaya min abin da yake so. Na rubuta cewa alhamdu lillahi, albasar Malam ta ƙare, an saye duka, yana godiya, kada kowa ya aika da komai.

Nan take zaure ya cika da murna. Aka ce wannan shi ne shugabanci, a yini ɗaya Monita ya fitar da ɗan'uwa daga damuwa. Mai aikin banki ya ce a ƙara min wa'adi har illa masha Allahu. Wani dattijo daga Kaduna ya rubuta min doguwar addu'a, cewa yadda na rufa wa Malam asiri, Allah ya rufa min nawa duniya da lahira. Mutane suka yi ta amsawa, ina kallon saƙonni na sauka, kunya kamar in nutse. Hajiya kaɗai ba ta ce uffan ba.

Can ƙasan addu'ar, bayan kowa ya gama, sai ga saƙon Malam, na farko da ya rubuta a babban zaure cikin wata shida. Ya ce amin.